Ta-Fi-Jirgi a Gonar Hatta

Hotuna huɗu ne suka rage na motar da Gwamna ya ƙera a Kafanchan, kuma duk huɗun suna hannun autansa Harrison. Mahaifiyarsa Salomi ce ta ba shi su ranar da zai taho Dubai, ta ce idanunta sun fara yana, zamansu a wurinta ba shi da amfani. Ya sa su a leda mai kauri, ya manne ledar a cikin murfin akwatin sifanunsa. Duk safiyar da ya buɗe akwatin a garejin da yake aiki a Al Quoz, sai ya yi ido huɗu da mahaifinsa.

Gwamna sunansa ne kawai, shi ma'aikacin reluwe ne, mai gyaran kan jirgi. A shekarar 1974 ya samu gangar jikin wata ƙaramar Morris da ta yi hatsari, ya yanke rufinta da zarto, ya cire madigadin gaba, ya ɗora mata injin wata tsohuwar Chevrolet mai filogi shida da Turawan mishan suka yar. Injin ya fi ƙarfin bonet, don haka ya bar shi a fili, salansa biyu sun fito ta gefe. Mutanen unguwa suka sa mata suna Ta-Fi-Jirgi, domin an ce wata Asabar ta tashi lokaci ɗaya da jirgin Jos daga tashar Kafanchan, ta riga shi isa Kagoro, har Gwamna ya samu wuri ya zauna yana ɓarar gyaɗa kafin a ji kukan jirgin.

Harrison bai taɓa ganin motar ba. An haife shi bayan ta bar gidan, kuma yana ɗan shekara tara mahaifin ya rasu. Labarin a bakin abokan Gwamna ya ji shi, ya riƙe, ya kuma ba mutane da yawa.

Wata ranar Laraba aka kawo wata tsohuwar Land Rover garejin. Mai ita wani dattijo ne ɗan ƙasar, ana ce masa Bu Khalfan, siriri, ya haura tamanin, yana dogara sanda. Ya ƙi zama a ofis inda ake ba masu motoci shayi, ya zo ya tsaya a kan Harrison yana kallon aikinsa. Can sai ya nuna murfin akwatin da bakin sandarsa.

"Wannan fa? Ta ina ce?"

Da Turanci da ɗan Larabcin da ya tsinta Harrison ya ba shi labarin. Ya faɗi injin, ya faɗi zarton, ya faɗi jirgin da gyaɗar. Dattijon ya sa aka ɓalle ledar, ya riƙe hotunan kusa da idonsa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan wanda Gwamna yake zaune a sitiyari da hular reluwe.

"Za ka iya ƙera irinta?"

"Idan an samu kayan, wata huɗu ya isa," in ji Harrison.

Cikin mako uku aka mayar da bizarsa kan gonar Bu Khalfan da ke Hatta. Matarsa Mary-Jane, wadda ke aiki a sashen wanki na wani otal a unguwar Al Rigga a Dubai, ta ce wata huɗu ba wani abu ba ne, su dai tabbata sun tafi gida tare a Disamba. 'Yarsu Dorkas tana Kafanchan a hannun Mama Salomi da yayarsa Hannatu, shekara biyu ke nan rabonsa da ita.

Gonar tana cikin wani kwari, duwatsu sun kewaye ta ta kowane ɓangare. Ba irin dutsen Kagoro ba ne mai ciyawa da ruwa. Waɗannan baƙaƙe ne, ƙonannu, da rana ta yi tsaka sai su riƙa mayar da zafin kan mutum. Akwai dabino, akwai awaki, akwai wata babbar rumfa mai na'urar sanyi da aka ware don aikin, da ɗaki ɗaya a jikinta inda Harrison yake kwana. Daga rumfar zuwa ƙofar gona hanya ce miƙaƙƙiya ta tsakuwa, taku ɗari biyar. Daga ƙofar zuwa inda bas ke tsayawa tafiyar fiye da awa ɗaya ce a ƙafa, cikin rana.

Mutum ɗaya ne yake jin Hausa a wurin, shi ne Hamissou, direban gidan, mutumin Damagaram mai furfura a gemu, wanda ya yi shekara goma sha tara yana wa Bu Khalfan aiki. Shi ke zuwa birni ranar Asabar ya kwaso kayan da aka yi oda. An samo gangar jikin Morris daga Sri Lanka, inji kuma daga wata makabartar motoci a Sharjah. Ranar da aka sauke su, Hamissou ya zagaya su ya ce, "Malam Harrison, vraiment, ni dai gawa biyu nake gani."

Kullum da hantsi Bu Khalfan zai shigo rumfar, a ajiye masa kujera da butar gahawa da faranti na dabino. Ya sa an ƙara girman hotunan an manna a bango, yana da madubin ƙara gani da yake bin su da shi. Muhandis yake kiran Harrison, wato injiniya. Da shi yake cin abincin rana a tire ɗaya, ya san sunan Dorkas, ya san ajin da take. Bai taɓa ɗaga masa murya ba.

Sai dai aikin ba ya ƙarewa. Harrison ya gama ɗaura fitilun gaba, dattijon ya duba hoto ya ce na mahaifinsa sun fi haka ƙasa da yatsa uku. Aka kwance. Ya gama lanƙwasa salansa, aka ce a hoto na biyu bakinsu ya ɗan kalli sama. Aka yanke aka sake walda. An yi sati biyar ana neman sitiyari mai ƙafa uku. Wata huɗu ya wuce, ya zama shida, ya zama takwas. Hutun Harrison Juma'a ne, na Mary-Jane Talata. Tun zuwansa Hatta sau uku suka ga juna.

Ba a sa wa ƙofar gonar kwaɗo, fasfo ɗinsa kuma yana cikin jakarsa a ƙarƙashin gado. Da yamma yakan taka har ƙofar, ya gaisa da mai gadi, ya tsaya yana kallon motocin masu zuwa yawon dam suna wucewa can nesa da kekuna ɗaure a bayansu, sannan ya juyo.

A watan Oktoba suka tayar da injin. Ya ɗauka da bugu na biyu, ƙarar ta cika rumfar, awaki suka watse. Bu Khalfan ya miƙe tsaye ba sanda. Amma kafin minti bakwai ruwan lagireto ya tafasa ya yi ambaliya. Harrison ya canza fanbel, ya wanke hanyoyin ruwa, ya sake gwadawa. Minti takwas. Gaban Morris ƙarami ne, lagireton da zai shiga wurin ba zai iya da wannan inji ba.

Hamissou ya ce, "Ka sa mata fanka ta lantarki da lagireton zamani, ka gama ka tafi wurin iyalinka."

Harrison ya kai maganar. Bu Khalfan ya girgiza kai. "Mahaifinka ba shi da fankar lantarki, muhandis, kuma ya riga jirgi. Yadda ya yi za mu yi. Ka tambayi mutanen gida."

Ranar Lahadi da la'asar, lokacin da ya san sun taso daga coci, ya kira Hannatu ta miƙa wa Mama waya. Suka gaisa, ta tambayi Mary-Jane, ta ce Dorkas ta tafi gidan maƙwabta. Ya fara da tambayar launin motar, tunda hotunan baƙi da fari ne.

"Kore ne," in ji ta. "Ragowar fentin taragon jirgi ne ya roƙo. Auta, wai har yanzu kana kan motar nan?"

"Saura kaɗan, Mama. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Tana ɗaukar zafi. Ko kin tuna yadda Baba ya yi maganin wannan?"

Ya ji tana ce wa Hannatu ta je ta duba tukunya.

"Bai yi maganinsa ba," ta ce. "Sau uku motar nan ta yi tafiya da ƙafarta. Na farko daga ƙofar gida zuwa kasuwa, ta tafasa. Na biyu ranar auren ƙanen babanka, ta kai ango coci, 'yan biki suka turo ta gida. Na uku shi ne na Kagoro."

"Amma ta riga jirgin."

"Ta riga shi mana, ai ina ciki. Garwa biyu ta ruwa aka ɗora mini, ɗaya a cinya ɗaya a ƙafa. Sau huɗu muna tsayawa, babanka ya zuba ruwa, mu zauna a gindin bishiya ta huce. Shi kuwa jirgin, yana barin tasha aka tsayar da shi, wai ana gyaran layi a gaba. Awa uku ya yi a wurin. Ko da ƙafa na tafi ranar nan da na riga shi."

Harrison ya zauna a kan wata taya. "To hotunan fa?"

"Mai hoto aka kira daga gari. Mu muka tura ta bakin titi, ni da matar Dikko mai shago, babanka ya hau ya riƙe sitiyari."

Ba ta yi maganar da ɗaci ba, har da 'yar dariya. Ta ce shekara shida Gwamna ya yi a ƙarƙashin motar. Da ya dawo aiki sai ya shimfiɗa buhu ya shige. Lahadi ma daga coci can yake wucewa. Ta ce lokacin da Hannatu ta fara tafiya, idan aka ce ina Baba, ƙafafu biyu da suka fito daga ƙarƙashin mota take nunawa.

"Me ya sa ya rabu da ita daga baya?"

"Bai rabu da ita ba. An tura shi kwas Zariya na wata uku, na kira maƙera suka farfasa ta suka kwashe. Da ya dawo ya tsaya a tsakar gida yana kallon wurin da mai ya ɓata. Sati guda bai yi mini magana ba. Ranar Lahadi ta biyu ya ɗauki Hannatu a wuya suka tafi kallon ƙwallo. Shekara na zagayowa aka haife ka." Ta yi tari. "Abokansa ne suka gyara labarin, ni kuma ban ga dalilin ɓata musu ba. Na ɗauka kallon hoton kawai za ka riƙa yi, ban san ƙera ta za ka yi ba."

Kwana uku Harrison yana juya abin a ransa. Yana goge abin da ya riga ya goge, yana ɗaure notin da ya riga ya ɗaure. Ya ga cewa hanya ɗaya ce ta rage masa: ya faɗi gaskiya, dattijon ya ji haushi ya sallame shi. Ya ma fara tunanin ko tsohon garejinsa zai sake karɓarsa.

Ranar Alhamis, bayan an zuba gahawa, ya ajiye sifana ya ce, "Arbab, maigidana, akwai maganar da zan faɗa maka. Labarin da na ba ka ba haka yake ba."

Ya faɗi duka, har garwa biyun, har maƙeran. Bu Khalfan ya saurara yana juya ɗan kofinsa. Da aka zo kan maƙera ya yi dariya har ta sarƙe shi.

"Mahaifiyarka da 'ya'yana halinsu ɗaya," ya ce. Ya nuna Land Rover ɗinsa da ke gefen rumfar an lulluɓe ta da tamfol. "Shekara biyar ke nan da suka karɓe makullaina. Likita ya ce ido, ya ce zuciya. Ni da na riƙa zuwa Hatta tun babu kwalta, yini guda cikin rairayi, ina sauke iskar taya da hannuna. Yanzu ko masallaci sai Hamissou ya kai ni."

Ya miƙe, ya je gaban hoton da ke bango ya daɗe.

"Ashe bai gama ba," ya ce a hankali. "Na ɗauka kwaikwayon abin da aka gama muke yi. To yanzu aikin ya zama na gaske, muhandis. Mu za mu ƙarasa masa."

Harrison ya buɗe baki zai yi maganar Disamba, dattijon ya riga shi. "In sha Allahu tana tashi za ka je gida. Shwayya shwayya, sannu sannu."

Mary-Jane ta zo ranar Talatar farko ta Disamba. Ta hau bas tun da sassafe, Hamissou ya ɗauko ta daga tasha. Ta gaida Bu Khalfan da ladabi, ya sa aka cika mata kwali da dabino ta kai wa Dorkas. Da ya shiga gida hutawa, ta zagaya motar sau ɗaya. An riga an yi mata koren fenti. Ta taɓa ƙofar da yatsa ta duba yatsan.

"Na sayi tikitina," ta ce. "Ranar sha tara. Na bar naka, tunda ba ka ce komai ba."

"Maman Dorkas, ki ba ni zuwa Janairu."

"Wa ya ɗaure ka a nan? Ka nuna mini igiyar."

"Ba wanda ya ɗaure ni."

"To mene ne?"

Ya ce mai dafa abinci ya gaya masa cewa ranar Juma'a, da ba a buɗe rumfa, tsohon ba ya cin komai sai shayi. Ya ce 'ya'yansa sai ƙarshen mako suke zuwa, su yi awa uku suna danna waya su koma. Ya ce ba zai iya kallon idon mutumin da yake ba shi nama da hannunsa ya ce masa ya tafi ba. Bai faɗa mata ɗaya dalilin ba, cewa tun ranar da ya yi waya da Mama, idan ya kwanta a ƙarƙashin motar sai ya ji kamar ba shi kaɗai ba ne a wurin, kuma ba ya so ya fito ya bar abin yadda aka bar shi a da.

Mary-Jane ta ɗauki jakarta. "Dorkas tana cin abincinta, ba ta fasa ba. Tambayar yaushe za ka zo ce ta daina yi."

Ta tafi ranar sha tara ita kaɗai. Ranar Kirsimeti Bu Khalfan ya sa aka yanka ɗan akuya saboda Harrison, aka ce kada ya yi aiki. Ya ci naman shi da Hamissou da mai gadi a inuwar dabino. Da aka kira shi ta bidiyo daga gida, Dorkas ta nuna masa sabon takalminta, ta ce masa na gode, sannan ta miƙa wayar ta ruga.

Washegari ya shiga rumfa ya zauna ya zura wa bayan motar ido. A bayan kujeru akwai wani fili da ba a amfani da shi. Ya auna. Lagireton babbar mota zai shiga wurin a tsaye, idan aka ja bututu biyu ta ƙarƙashi daga inji, iska kuma za ta riƙa dukansa tunda babu rufi. Babu lantarki a ciki, babu abin da Gwamna ba zai iya samu a Kafanchan ba.

Bu Khalfan ya ɓata fuska da ya ga zanen. "Babu wannan a hoto."

"Babu hoton bayanta, arbab. Duk huɗun ta gaba da ta gefe aka ɗauka."

Dattijon ya ɗauki madubinsa ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo ya zauna. "Yalla, a yi," ya ce.

Sati uku aikin ya ci. Ranar wata Litinin a tsakiyar Janairu, da hantsi, Harrison ya tayar da ita ya bar ta tana aiki. Minti goma, minti ashirin, rabin awa. Allurar zafi ta hau zuwa tsakiya ta tsaya. Ya taimaka wa Bu Khalfan ya shiga, ya ja ta a hankali suka fito daga rumfar.

Motar ba ta da lamba, kuma ba za a taɓa ba ta ba, don haka iyakarta ƙofar gona. Suka je ƙofar suka juyo. Suka sake zuwa suka juyo. Kafin Harrison ya sa giya ta uku hanya ta ƙare, dole ya taka birki. A zagaye na shida Bu Khalfan ya dafa hannunsa.

"Sauka."

"Arbab, likita ya hana."

"Taku ɗari biyar ne, muhandis. Ba kowa a hanyar sai awaki, su ma sun gudu."

Harrison ya duba Hamissou da ke tsaye bakin rumfa. Hamissou ya juya baya ya shiga duba tayar motarsa. Suka yi musayar wuri. Ƙafar tsohon ba ta manta ba, ya saki kuloci ba tare da motar ta zabura ba. Ya kai ƙofa, ya juya, ya dawo. A zuwa na biyu ya taka totur sosai, tsakuwa ta riƙa tashi a bayansu, iska ta ɗauke masa mayafin kansa. Ya makara wurin birki. Motar ta ja ƙafa ta daki ginshiƙin ƙofar da gefen gaba, fitila ɗaya ta fashe. Ba wanda ya ji ciwo. Bu Khalfan ya zauna yana haki, yana murmushi, kansa ba mayafi.

Mai gadi ya kira babban ɗan, Khalfan, kamar yadda aka umarce shi ya riƙa yi. Kafin la'asar ya iso daga birni. Ya shiga wurin mahaifinsa ya daɗe, sannan ya fito ya samu Harrison a rumfa. Harrison ya riga ya haɗa sifanunsa a akwati.

Khalfan bai yi faɗa ba. Ya zare makullin daga jikin motar ya sa a aljihu, ya ce kada a sake. Sannan ya ce likitan mahaifinsu ya yi mamakin yadda ya ƙara nauyi a bana, hawan jininsa ma ya sauka. Ya ce iyalin sun yi shawara, suna so Harrison ya zauna, za a sabunta masa takardunsa na shekara biyu.

"Aikin ya ƙare, ranka ya daɗe," in ji Harrison.

"Za a samu wani aikin," in ji Khalfan. "Ka yi tunani."

Da safe Bu Khalfan ya shigo kamar kullum. Ya sha gahawa kofi biyu, ya duba ko akwai mai jin su, ya ce, "Makaniki kamarka ba ya buƙatar makulli."

Gaskiya ne, waya biyu ce kawai zai haɗa. Harrison ya ce, "Ba zan yi ba, arbab."

Tsohon ya tashi ya fita. Kwana uku bai zo rumfar ba, mai dafa abinci kuma yana mayar da tire yadda ya kai shi. Harrison ya sa sabuwar fitila, ya gyara inda ya lotsa, ya share rumfar, ya rasa abin yi. Ya kira Mary-Jane, wadda ta dawo tun farkon wata, ya gaya mata maganar Khalfan. Ta ce, "Kai ka san abin da za ka ce musu. Ni na gaji da faɗa."

Rana ta huɗu Bu Khalfan ya dawo, ya rame, yana riƙe da wata ambulan. Ya zaro hoto ɗaya ya ajiye a kan bonet. Wani saurayi ne da zane ɗaure a ƙugu, tsaye a jikin wata akori-kura da aka yi wa bodin katako, tayoyinta manya kamar na jirgin sama, rairayi ta ko'ina.

"Ni ne," ya ce. "Ni da ɗan'uwana muka haɗa ta. Shi ya rasu. Wannan kaɗai ne hotonta."

Harrison ya duba hoton, ya gane ita ake so ya ƙera. Da ido kawai ya san aikin ya fi shekara. Ya duba hannun da ke riƙe da gefen bonet, yadda jijiyoyi suka fito.

"Sai na je Kafanchan na dawo," ya ce.

"Kwana nawa?"

"Talatin."

"Ashirin."

"Talatin, arbab. Mahaifiyata ba ta gani sosai, 'yata kuma ta kusa manta ni."

Suka tsaya a kan ashirin da biyar. Ya sa hannu a takardun Khalfan kafin ya tafi. Mary-Jane ba ta raka shi filin jirgi ba, tana aiki, amma ta aiko masa da jakar tsaraba ta hannun Hamissou.

A Kafanchan Dorkas ta yi kwana huɗu tana ce masa sannu da zuwa kamar baƙo, a na biyar ta yarda ya raka ta makaranta. Ya nuna wa Mama bidiyon motar a waya. Ta ce ba ta ganin komai sai kore-kore, ya ƙara mata sautin. Ta kara wayar a kunne ta saurara har ƙarshe, ta ce ƙarar dai ita ce. Ya kai ta asibitin ido a Jos, aka ba su ranar aiki a watan Yuni, lokacin da ba ya nan. Hannatu ta ce za ta kai ta.

Ranar da ya sauka Dubai Hamissou ne ya tarye shi. Ya roƙe shi su biya ta Al Rigga, suka samu Mary-Jane ta fito hutun rabin awa, suka sha shayi a tsaye a bayan otal ɗin, ta karɓi saƙon daddawa da yajin da Mama ta aiko. Daga nan suka kama hanyar Hatta. Bayan sun wuce rairayi duwatsun suka fara bayyana.

"Tsohon yana cin abinci?" in ji Harrison.

"Yana ci, tun ranar da kayan suka iso," in ji Hamissou. "An kawo shasin akori-kura daga Oman, da katako lodi guda. Kullum sai ya sa na ƙirga masa kwanakin da suka rage maka. Mon ami, ka ci abinci sosai yau, gobe da hantsi yana rumfa."